Ƙugin Ɗakin Ciki

Da tsohon buroshin haƙori Injiniya yake kankare ƙurar da ta daskare a fankar injin, yana bi yana hurewa da baki. Injinan ɗakin gaba duk ya ciro su ya jera a ƙasa. Na ɗakin ciki kuwa ya bar su a kunne, ƙofa a rufe, don mai saye ya ji da kunnensa cewa suna da rai. Shi dai tun da ya yanke shawarar sayarwa bai ƙara leƙa ɗakin ba. Ganinsu ma gajiyar da shi yake yi.

Ba injiniya ba ne fa. Maƙwabta ne suka liƙa masa sunan lokacin da ya cika ɗakuna biyu da injinan haƙar kirifto, wato kuɗin intanet, ya jawo musu layin wuta nasu na daban, ya ce za su riƙa haƙo masa arziki yana barci. Barcin ne bai samu ba. A tsakaninsu yake shimfiɗa tabarma, don in ɗaya ya ɗauki zafi ya tashi ya ba shi iska. Aka yi shekaru a haka, har sababbin injina suka fito, wuta ta yi tsada, nasa suka koma shan lantarki kawai suna ihu.

Ihun ne ya ishe shi. Ƙugi ne marar yankewa, yana huda bango ya cika tsakar gida, ya bi mutum har banɗaki. Matarsa ta daɗe da daina yi masa hira, sai dai ta taɓa kafaɗarsa ta nuna masa kwano. Ita ce ta manna baki a kunnensa ta ba shi labarin cewa 'yarsu Mimi ta fara magana, har tana kwaikwayon yadda yake tsaki. Ya durƙusa gaban yarinyar. Ya ga ɗan bakinta yana motsi, ya ga uwar tana dariya, amma ƙugin ya haɗiye komai. Ranar ya sa tallan injinan a waya. Ba riba yake nema ba. Yana so ya ji muryar 'yarsa kafin ta wuce shekarun gwaranci.

Da hantsi dillali ya iso da akori-kura da 'yan dako. Mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, kamar wanda ake cajinsa a kan kowace kalma.

"Ɗaga murya, malam, nan ba asibiti ba ne," in ji Injiniya.

Dillalin ya ɗan ja da baya yana sosa kunne. Injiniya ya nuna masa ƙofar ciki, ya ce ya shiga ya gani, duk lafiyarsu ƙalau, ba a taɓa kai ko ɗaya wajen gyara ba. Mutumin ya tura ƙofa, ya tsaya jim kaɗan, ya fito. Ya dubi matar gidan da ke tsaye da Mimi a goye. Ta sunkuyar da kai.

Ya rubuta tayinsa a waya ya miƙo, ya nuna da hannu cewa kwance su zai yi ya sayar da fankoki da wayoyi. Tayin wulaƙanci ne. Da a bara ne, da Injiniya ya raka shi ƙofa da baƙar magana. Yau sai ya ce Allah ya sa albarka.

Injiniya ya gargaɗi 'yan dakon su kashe na ciki tukun su bari su huce, don ƙarfen yana toye hannu. Suka gyaɗa kai, suka shiga, ko minti ba a yi ba suka fara fitowa da su a kafaɗa, wani ma ba riga. Ya ce a ransa, fatar ɗan dako dai ta riga ta mutu.

Ya jawo benci ya zauna a tsakar gida, ya karɓi Mimi ya ɗora a cinya. Jira yake ya ji ƙugin yana raguwa inji bayan inji, kamar ruwan sama in zai ɗauke. Bai ragu ba. Ya tuna cewa na kusurwa sun fi kowanne ƙara, ƙila su za a cire ƙarshe. Ya ci gaba da jira. Yarinyar tana wasa da maɓallin rigarsa.

Aka ɗaure kaya da igiya. Dillalin ya ɗaga hannu, mota ta tashi.

Ƙugin yana nan.

Injiniya ya sauke yarinyar ya miƙe da ƙyar. Wato sun manta da ɗaya, sakarkaru. Ya shiga ɗakin ciki. Kantocin ƙarfe ne tsirara, sai shatin inda injinan suka zauna. Ya duba bayan ƙofa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kanta, ya bi soket-soket yana fizge abin da babu. Gumi ya karyo masa. Ya fita da sauri ya zagaya wajen mita, don ya kashe layin ɗungurungum kowa ya huta.

Wayar layin tana reto a jikin bango, a yanke, an naɗe bakinta da baƙin salatef. Har gizo-gizo ya yi saƙa a kai.

Mimi ta biyo shi ta kama ƙafar wandonsa, kai a sama, baki a wangame, jijiyoyin wuyanta duk sun miƙe. Matarsa ta zo ta dafa shi, idonta ya kawo ruwa. Ta yi ɗage, ta kewaye kunnensa da tafukan hannunta, kamar yadda ta saba.

"Baban Mimi, 'yan lantarki sun yanke layin nan tun ranar da ka sa talla. Na gaya maka, ka gyaɗa kai. Gidan nan shiru yake. Kai kaɗai kake jin su."