Galmar Hamman

Tun kafin hantsi Hamman maƙeri ya tura bakin galma cikin garwashi, zuga-zugi na huci. Tsohuwa Gumsu tana tsaye bayan zana tana leƙe, domin ɗanta Auta ne zai lashi ƙarfen nan.

Kwana tara ke nan da wani ya sare jingar da ke tare kogin Haɗeja ta yamma. Ruwa ya shanye shinkafar wannan ɓangaren kaf, ya tafi da tsoho Abdulwahid daga bukkar gonarsa. Da yake ruwan ya karkata yamma, gonaki uku na gabas ne kawai suka tsira, har da ta Hamman, aka ce Allah ne ya dubi yawan iyalinsa.

Zargi ya sauka kan Auta saboda masunci ne, kuma ambaliyar ta cika masa komar kamun kifi da tarwaɗa. Liman ya ce lasar wuta ba addini ba ce, amma babu wanda ya saurare shi. Aka koma kan hukuncin kakanni: mai gaskiya zai lasa ya tashi lafiya, wanda harshensa ya ƙone kuwa ya bar garin har abada.

Gumsu ta san ɗanta. Rago ne na ƙarshe in dai noma ne, kunya ɗaya bai taɓa ja ba, ina shi ina sare jinga? A bakin zanenta ta ƙulle wani guntun ƙarfe mai kusurwa uku, karyayyen bakin galma, da ta tono daga lakar inda aka sare jingar. Jiya ta kai wa Hamman, tunda duk galmar garin daga hannunsa take fitowa.

"Iya, ƙarfe ai ƙarfe ne," ya ce, ko karɓa bai yi ba. "Ki bar wa wuta, ita ba ta son kai." Ya ma ce kada a wahalar da kowa, shi zai kawo ƙarfen gwajin.

Yanzu ya zaro shi da awartaki, ja wur. Auta ya durƙusa.

"Kawu Hamman, wallahi ba ni ba ne."

"To, me kake tsoro? Buɗe bakinka."

Tsofaffi sun ce taɓawa ɗaya ake yi a ɗauke. Gumsu ta ja numfashi uku kafin Hamman ya ɗauke. Ƙauri ya tashi, Auta ya kife yana gurnani, taro ya ɗauki salati. Mai gari ya ce kada rana ta faɗi Auta yana garin.

A al'ada cikin ruwa ake tsoma ƙarfen, a rataye shi kowa ya gani. Hamman sai ya ɗora shi bisa uwar maƙera, ya ɗauko masaba.

Gumsu ta ture zana ta rarrafo wurin ɗanta, ta ɗaga kai. A bakin galmar Hamman da ke bisa uwar maƙera akwai giɓi mai kusurwa uku, daidai da guntun da ke zanenta, masaba kuma ta riga ta sauko a kansa.