Ɗan Farin da Aka Yaba wa Barci

Ya ku iyaye, ga wani misali, kowa ya auna shi da gidansa.

Akwai wani manomin rani da matarsa ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari, kamar yadda al'ada ta tanada. Allah ya sauke ta lafiya, aka sami ɗa namiji mai cika hannu. Tun kafin suna aka fara yabonsa, domin ba ya kuka, ba ya tashin kowa. In an kwantar da shi da hantsi, sai an tashe shi da azahar. Mata masu zuwa barka suna cewa, "Kai, kun yi dace! Namu ko tuwo ba ya bari a tuƙa." Kakarsa ta wajen uwa, wadda take yi wa mai jego wanka, takan ɗaga shi tana tsokana: "Wannan miji nawa rago ne, ba zai iya cefane ba, na fasa auren." A yi dariya, a mayar da shi shimfiɗa.

Uwar ce kaɗai take ganin abin da sauran ba su gani ba. In ta ba shi mama, ya ɗan ja kaɗan sai barci ya kwashe shi, har nonon ya cika ya yi mata tsami. Tafin ƙafarsa sanyi ƙalau ko ana zafi. Yakan yi kwanaki bai yi bayan gida ba. In ya yi kukan ma, muryar a dishe take kamar ta tsoho, harshensa kuma kullum a bakin leɓe kamar bakin ya yi masa kaɗan. Amma ɗan fari ne, kuma an yi mata tarbiyya. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in mahaifiyarta tana ɗakin ko fuskarsa ba ta kallo. Da wane baki za ta ce ta damu da shi? Uban ma haka. Yakan zo ya durƙusa a zauren surukai ya gaishe su, kansa a ƙasa ya ce, "Ya kwanan baƙo?" A ce masa, "Lafiya lau, sai barci." Ya koma gonarsa yana murna.

Ba za a ce an yi sakaci ba. Da idon yaron ya daɗe yana rawaya, aka ce shawara ce, aka ba shi jiƙo. Da cibiyarsa ta turo, aka yi ta gasa ta da tsumma mai ɗumi. Da aka ga ba ya tsotso sosai, aka kira wanzami ya ce beli ne, ya cire. Kowa ya yi maganin abin da idonsa ya gani, ba wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya ce ko tushensu guda ne.

Aka gama wanka, mai jego ta koma ɗakinta, watanni suka shuɗe. 'Yar maƙwabta, wadda aka haifa mako ɗaya da shi, ta fara zama, tana ƙyalƙyala dariya, tana fizgar ɗankwalin uwarta. Nasu kuwa har yanzu wuyansa bai tsaya ba. Manomin ya rasa inda zai sa kansa. Wani ya ce iska ce, wani ya ce baki ne, wani ya ce gado ne, ai kakan yaron ma bai yi tafiya da wuri ba. Duk wanda ya yi magana sai manomin ya ga kamar shi ne mai gaskiya, har na gaba ya zo ya rushe ta. Ran nan yana ɗaura takalmi zai fita, sai matar ta yi magana daga bayan ƙofa, fuskarta a bango.

"Malam, yaron nan fa tun ranar da aka haife shi ba shi da lafiya."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Tun ranar haihuwa? Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Wa zan faɗa wa?"

Suka kai yaron asibiti, aka ɗebi jininsa aka auna. Likita ta bayyana musu cewa akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, ita take samar da sinadarin da ke tada jiki, ya gina ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ta yaronsu ba ta aiki yadda ya kamata tun daga ciki. Maganin kuwa ƙwaya ce 'yar mitsitsiya, a murƙushe ta a cikin ruwan nono kowace safiya. Ta ce da an fara tun makonnin farko, da ba mai bambanta shi da tsaransa. Yanzu ma za a ga sauƙi, amma abin da ƙwaƙwalwa ta rasa a watannin nan ba duka zai dawo ba.

Haka kuwa aka yi. Jikin yaron ya farka, ya ci, ya yi kuka har ya hana gidan barci, uwarsa tana jin kukan tana hamdala. Ya yi tafiya bayan tsaransa sun daɗe da gudu, magana kuma har yau da ƙyar yake haɗa ta. Manomin yakan zauna a bakin rijiyar gonarsa yana juya al'amarin. Kaka ta yi abin da ta gada, wanzami ya yi sana'arsa, matarsa ta yi kunyar da aka koya mata, shi ma ya girmama surukansa. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifi bai samu ba, ga shi kuma an yi hasara.

Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, tun ran zane.