Marigayin da Ya Ce Amin

An yi wani sakataren ƙungiyar tsofaffin direbobi, tun ranar da ya sayi kwamfuta bakinsa bai sake rufuwa ba. Cewa yake littafin rajistar da ya gada wahalar mutanen da ce, shi kafin shayi ya huce zai juye shi kaf cikin kwamfuta. Littafin kuwa, Allah sarki, bangonsa ya yi baƙi da shafar hannu, har yau yana warin baƙin mai. Tsohon sakatare, Allah ya jiƙansa, da rula da jan biro yake ja wa kowa layinsa: suna gida ɗaya, gari gida ɗaya, gidan ƙarshe kuma in mutum ya riga mu gidan gaskiya a rubuta "marigayi". Kowa da ɗakinsa, ba mai leƙa na wani.

A cikin kwamfutar ma haka suka zauna, gida-gida. Ana jibi taron shekara sai gogan naka ya fitar da sunayen zuwa rubutu zalla, ya tura wa mai buga takarda, ko kallo bai yi ba. Ashe layukan duk sun zube a hanya, sunaye sun haɗe kamar igiya guda. "Marigayi" da ke wutsiyar layin wani direba mai suna Tanimu sai ta koma goshin sunan da ke binsa.

Ranar taro liman ya ce a karanto waɗanda suka rasu. Iyalan Tanimu tun daga ƙauye suka zo don su ji an ambaci mahaifinsu. Sakatare ya gyara hula, ya karɓi lasifika, ya tsallake Tanimu tsaf, ya rangaɗa: "Marigayi Barau Mai Gingimari!" Barau kuwa ga shi a kujerar gaba, kunne ya yi nauyi, yana tauna goro. Amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi. Sai da na kusa ya raɗa masa, ya miƙe da sandarsa.

"Kai sakatare, yaushe aka yi jana'izar tawa ba a gayyace ni ba? Ɗauko mana littafin nan mai jan layi, mu ga wa ya mutu."

Sakatare na tsaye, lasifika a hannu, gumi har cikin hula. Dama Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.