Katanga Ɗaya

"Mama, ba a unguwarmu za a gina katangar ba," in ji 'yarta.

Tun daga ofis take tauna maganar. Katanga ɗaya hukuma za ta iya ginawa don tare zaizayar ƙasa, kuma ita aka sa ta ƙiyasta inda za ta fi amfani: hanyar kasuwa, ko unguwarsu, inda kwazazzabo ke matso gidan da Baba ya bar musu. Ta auna gaba, ta auna baya, hanyar ce ta rinjaya.

Mama ba ta daina tsintar wake ba.

"Ke kika yi lissafin?"

"Ni ce."

"Ba ki sa son kai ba?"

"Ban sa ba."

"To kukan na mene ne, uwar 'yan boko? Tashi ki ba shukokina ruwa."

Ta ɗauki buta ta zagaya, sai ta tsaya cak. Mama, da ba ta taɓa shuka komai ba sai a ƙasa, bana lemun tsaminta da barkononta duk a bokitai ta dasa su. Kowane bokiti ta ɗaura masa sabon mariƙi, don ya yi sauƙin ɗauka ranar barin gida.