Baƙuwar Lamba

A gidan abinci, Adigun ya ajiye akwatin zobe kusa da kwanon amala, zai buɗe baki ke nan sai wayar budurwarsa Labake ta sake ruri. Ta kashe, ta kife ta a kan tebur.

"Wa yake ta kiranki tun ɗazu?"

"Masu talla ne, Adigun. Na toshe su har na gaji, kullum da sabuwar lamba suke dawowa."

Wayar ta kuma yin ƙara. Ya murɗe mata hannu, ya fizge wayar, ya kwaɗa mata mari har leɓenta ya fashe. Masu cin abinci suka juyo suna kallo.

"Yau zan ji muryar ɗan iskan!"

Ya amsa, ya ƙure sautin. Muryar wata mata ta fito cike da fara'a, tana tallan filaye masu rahusa a bayan garin Ibadan.

Adigun ya zube kan gwiwoyinsa, ya miƙa zoben. "Labake, kishi ne. Ki aure ni."

Ta daɗe tana kallon hannun da ya mare ta. Ta goge jinin, ta karɓi wayarta.

"Kullum tsine wa mutanen nan nake yi," ta ce a hankali. "Yau sun yi mini rana."

Ta fita ba ta waiwayo ba.