Ƙullin da ke Aljihun Hafizu

Idirisa mai teburin magani ya kai ɗansa Hafizu asibitin Maraɗi a sume.

Likita ta ce, "Ƙwaya ya sha wurin rawar biki a Tsibiri. Ya yi ta ɗirkar ruwa har gishirin jininsa ya yi ƙasa. Da ƙyar ya sha."

Hafizu na farfaɗowa Idirisa ya daka tsawa. "Ka zubar mini da mutunci! Wa ya sayar da ita? Jandarma zan kai shi!"

Likita ta miƙo ragowar ƙwayar da aka samu a aljihun Hafizu, ƙulle a leda. Idirisa ya gane ƙullin. Shi ya ƙulla wa abokin Hafizu jiya. Ya sunkuyar da kai.

"Faɗi sunan mana, Hafizu," in ji likita.

Hafizu ya dubi ubansa.

"Ba zan faɗa ba."