Kwanon Rufi da Buhunan Gero

Masu cewa ɗan ciniki a gefen ɗakin ibada ba ya ɓata komai, ga wani misali, ku auna da kanku.

A wani ƙauye an yi wani manomi da ke riƙe da mabuɗin majami'a. Ginin laka ne, rufin ciyawa. Wata shekara da kaka sai ga wani ɗan kasuwa mai sayen hatsi da tayi: zai rufa musu kwano sabo fil, su kuma su ba shi kusurwa ɗaya ya jibge buhunansa har farashi ya tashi. Manomin nan ya fi kowa murna. Da kansa ya hau ya buga ƙusa, kwano na walƙiya har daga ƙauyen gaba ana nunawa, shi kuwa tafiyarsa ma sai da ta canza. To, buhu dai ba ya zama shi kaɗai. Kusurwa ta zama rabin ɗaki, mudu ya biyo baya, har ta kai ranar Lahadi ba a gama cewa amin ba an fara “nawa tiya?” a bakin ƙofa. Da damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, mutane na durƙusawa da yunwa, ƙanshin gero na dukan hancinsu. Rannan ana tsakiyar addu'a manomin ya buɗe ido, ya ga wata tsohuwa durƙushe jikin wani buhu tana shafa facin da ke gindinsa. Ɗinkinta ne. Da kaka ta sayar da shi da araha, yanzu ko tiya ɗaya daga cikinsa ta fi ƙarfinta. Bakinta na addu'a, hannunta na kan faci. Mako na gaba ba ta zo ba, na bayansa ma haka.

Abin ya tsaya wa manomin a rai. Ya tuna karatun da ake yi musu na ranar da Almasihu ya kifar da teburan 'yan canji a Haikali, ya kori masu sayar da tattabaru. Da can yana jin sa kamar labarin mutanen nesa. Da hantsi ya buɗe majami'a, ya shiga ɗaukar buhuna a ka yana kai wa ɗan kasuwa zaurensa.

“Baba, in buhu ya fita, kwano ma zai sauka fa,” in ji ɗan kasuwa.

“Tsani na bayan ɗaki, ɗana. Ni na buga, ni zan taya ka cirewa.”

Haka kuwa aka yi, ga hadari na haɗuwa a gabas. Wasu suka ce tsohon ya zare. Shi kuwa ya bi gida gida yana roƙon zana da tsofaffin tabarmi, aka ɗan rufe abin da ya rufu. Lahadin nan ruwa ya sauko ana cikin waƙa, ya jiƙa su sharkaf, babu wanda ya motsa. Tsohuwar tana layin gaba, muryarta ta fi ta kowa tashi. Manomin na tsaye a bakin ƙofa, ruwa na bin gemunsa, kansa a sama.

Ba banza ba Hausawa suka ce, tsira da mutunci ya fi tsira da kaya.